Yadda ake bibiyar lafiya bayan maganin kansar tairod

Wanda aka yi wa aikin kansar tairod yakan bar asibiti da tabo a wuya, da ƙwayoyin magani, da katin ranar dawowa. Ba kasafai ake zaunar da shi a faɗa masa me za a riƙa dubawa idan ya dawo ba, ko dalilin dubawar, ko iya shekarun da za a ɗauka ana yi. Shi ya sa mutane ke rabuwa biyu. Wasu da zarar ɗinki ya warke ba a sake jin ɗuriyarsu, sai bayan shekaru su dawo da ƙullutu a wuya. Wasu kuma tsoro ya hana su sakat, kullum suna neman a yi musu hoto, kuma duk ɗan abin da aka gani sai hankali ya tashi. Abin da ya dace shi ne a auna bibiyar kowa daidai da haɗarinsa, a tsananta inda ya kamata, a sassauta idan sakamako ya nuna lafiya. Hakan ba ya yiwuwa sai mai jikin ya san nasa lissafin.

Tairod ita ce 'yar halittar da ke gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. A shekarar 2022 an gano kansarta a jikin mutum sama da 820,000 a duniya, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku. Tana cikin waɗanda aka fi warkewa daga gare su: a Amurka, kimanin 98 cikin 100 suna wuce shekara biyar. Amma tana iya dawowa. Yawanci cikin shekaru biyar na farko take yin haka, ko da yake akan samu wadda ta ɓullo bayan shekara goma ko ashirin.

Mataki na farko: tattara takardunka

Kafin komai, ka nemi kwafin abubuwa huɗu ka ajiye a hannunka, kada ka dogara da fayil ɗin asibiti kaɗai. Na ɗaya, rahoton aikin: an cire tairod gaba ɗaya ne ko ɓari guda, kuma an haɗa da kaluluwar wuya? Na biyu, rahoton gwajin tsokar da aka cire, wanda shi ne mafi daraja cikinsu, domin a nan aka rubuta nau'in kansar, da girmanta, da ko ta keta zuwa wajen tairod, da yawan kaluluwar da ta shiga. Na uku, idan an ba ka aidin na nukiliya, wato maganin da ake sha bayan aiki don ya ƙone sauran ƙwayoyin tairod, wanda takardu ke rubutawa I-131, ka san ranar da aka ba ka da adadinsa, da sakamakon hoton da aka yi bayansa. Na huɗu, duk sakamakon gwajin jini.

Sai ka sami littafi ko wayarka ka ja layuka: kwanan wata, TSH, Tg, TgAb (gwaje-gwajen jini uku da za mu yi bayaninsu a gaba), adadin maganin da kake sha a lokacin, sunan ɗakin gwajin. Wannan ɗan jadawalin ya fi tarin takardu amfani, domin likitan da ya gan shi cikin minti ɗaya zai san inda aka dosa. Likitoci suna sauya wurin aiki, mutane suna ƙaura, fayil yana ɓata. Bibiyar da za ta ɗauki shekaru ba za ta rayu a ƙwaƙwalwar likita ɗaya ba.

Mataki na biyu: san nau'in kansarka da rukunin haɗarinka

Nau'i huɗu ne manya. Papilari ita ce ta fi yawa, sama da kashi 80 cikin 100, kuma idan za ta bazu kaluluwar wuya take fara nufa. Folikula ta fi bin jini zuwa huhu ko ƙashi. Waɗannan biyun tsarin bibiyarsu ɗaya ne, kuma yawancin wannan bayani a kansu yake. Medulari ba ta da yawa kuma hanyarta daban ce, za mu zo kanta. Anafilastik kuwa tana da saurin gaske, mai ita yana ƙarƙashin kulawar likitocin kansa a kai a kai, ba ta jira irin wannan jadawali.

Akwai abu biyu da ake yawan cuɗawa. Matakin kansa, daga na ɗaya zuwa na huɗu, yana hasashen haɗarin mutuwa ne. A papilari da folikula, duk wanda bai kai shekara 55 ba mataki na ɗaya ko na biyu yake, komai yawan kaluluwar da aka samu. Rukunin haɗari kuwa yana hasashen dawowar ciwon, kuma shi ne ke tsara bibiya. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Likitocin Tairod ta Amurka ta fitar a 2015 sun raba shi uku: ƙaramin haɗari, inda dawowa ba ta wuce kusan kashi 5 cikin 100, matsakaici wanda ke kaiwa kusan kashi 20, da babba wanda ya haura haka. An sabunta ƙa'idojin a 2025, don haka likitanka na iya amfani da rabon da ya ɗan bambanta. Mutum na iya zama a mataki na ɗaya amma haɗarin dawowarsa matsakaici ne. Ka tambaya kai tsaye: "Likita, a wane rukunin haɗari nake?" Ka rubuta amsar a saman jadawalinka.

Mataki na uku: shan magani yadda zai shiga jiki

Wanda aka cire wa tairod duka zai sha libotairoksin, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin da tairod ke yi, har ƙarshen rayuwarsa. Cikin waɗanda aka cire wa ɓari ɗaya, wasu suna buƙata, wasu sauran ɓarin ya ishe su. Ƙwayar ƙarama ce, amma tana da tsirfa. Ana shan ta da ruwa zalla, ciki ba komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Wanda safiya ba ta yi masa ba zai iya mayar da ita lokacin kwanciya, muddin ya yi awa uku da cin abinci. Kofi da madara suna rage shigarta jiki idan an haɗa su kusa. Ƙwayoyin kalsiyam, da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da magungunan ƙwarnafi na tsotsa ko na ruwa, a raba su da ita da awa huɗu. Wannan ya fi shafar waɗanda aka sallama da kalsiyam bayan aiki, domin da yawa sukan haɗiye duka lokaci guda da safe, sannan a yi ta mamakin me ya sa TSH ya ƙi sauka.

Wasu magungunan suna sa a buƙaci ƙarin adadi: omifirazol na gyambon ciki, rifamfisin na tarin fuka, kabamazafin da fenitoyin na farfaɗiya, da ƙwayoyin da ke ɗauke da istirojin. Duk lokacin da aka ɗora ka a kan sabon magani na dogon lokaci, ko nauyinka ya sauya sosai, ko aka canja maka kamfanin da ya yi ƙwayar, a sake auna TSH bayan mako shida zuwa takwas. Wannan tazarar ba don jan rai ba ce. Maganin yana ɗaukar kusan mako guda kafin rabinsa ya fita daga jini, saboda haka sai an yi makonni kafin sabon adadi ya daidaita. Wannan dalilin ne kuma ya sa mantuwar rana ɗaya ba abin tashin hankali ba ce, amma tsallake kwana biyu ko uku kowane mako yana fitowa ƙarara a gwaji. Idan kana tsallakewa, ka faɗi gaskiya, kada a ƙara maka adadin da ba ka buƙata. A ajiye maganin nesa da zafi, da laima, da hasken rana.

Mataki na huɗu: san lambar TSH da ake nema maka

TSH sinadari ne da wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa ke fitarwa don ta zaburar da tairod. Ga ƙwayoyin papilari da folikula da suka yi saura, TSH kamar taki ne ga shuka. Don haka akan ba wasu adadin magani da ya ɗan zarce buƙatar jiki, domin a danne TSH. A ƙa'idojin 2015, mai babban haɗari ana fara riƙe shi ƙasa da 0.1 mU/L, mai matsakaici tsakanin 0.1 da 0.5, mai ƙaramin haɗari da gwajinsa ya fita tas kuwa 0.5 zuwa 2 ya wadatar.

Amfanin sanin wannan a fili yake. Takardar ɗakin gwaji za ta nuna cewa TSH na 0.2 ya yi ƙasa, domin da ma'aunin masu lafiyar tairod ake kwatantawa. Wani ma'aikacin lafiya da bai san tarihinka ba zai iya rage maka magani da kyakkyawar niyya. Haka kuma akasin hakan yana faruwa, kuma a ganina ya fi yawa: a danne TSH a shekarar farko, a manta, mutum ya yi shekara goma a haka alhali an daɗe da wuce buƙatar. Dannewa ba kyauta ba ce. Tana jawo rikicewar bugun zuciya, musamman ga waɗanda suka haura shekara 60, tana kuma zaizaye ƙashin matan da al'ada ta ɗauke musu. Duk shekara ka tambaya ko har yanzu akwai dalilin riƙe TSH a ƙasa. Idan akwai, macen da ta daina al'ada ta nemi gwajin ƙarfin ƙashi, wanda yake jin faɗuwar gaba ko bugun zuciya ba bisa tsari ba ya nemi gwajin zuciya.

Mataki na biyar: gwajin tairogulobulin

A nan gizo ke saƙar. Tairogulobulin, wanda ake rubutawa Tg, sinadari ne da babu mai yin sa a jiki sai ƙwayoyin tairod, lafiyayyu ko masu kansa. Idan an cire tairod duka, aka kuma ƙone saura da aidin na nukiliya, ya kamata ya kusan ɓacewa daga jini. Idan ya ɓace sannan ya fara bayyana, akwai ƙwayoyin da ke aiki a wani wuri. Ana fara auna shi makonni bayan aiki, daga nan kowane wata 6 zuwa 12, sai dai mai babban haɗari akan matso masa da shi.

Kada ka yarda a auna Tg shi kaɗai. Dole a haɗa da TgAb, wato garkuwar da jikin wasu ke ƙerawa tana yaƙar tairogulobulin. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu masu wannan kansa suna da ita, kuma tana sa injin gwaji ya nuna Tg ƙasa da yadda yake. Sai mutum ya ga sifiri ya yi murna alhali lambar ba ta da tabbas. Ga mai TgAb, ita kanta garkuwar ake bibiya: idan tana sauka shekara bayan shekara alama ce mai kyau, ko da za ta ɗauki shekaru kafin ta ɓace, idan kuma tana hawa sai a bincika. A haɗa da TSH a jini ɗaya, domin Tg yana tashi idan TSH ya tashi. Tg na 0.8 a lokacin da ka yi sati biyu ba magani ba daidai yake da 0.8 a lokacin da TSH ke danne ba.

Ka tsaya a ɗakin gwaji ɗaya iya iyawarka. Injuna daban-daban suna iya ba da lambobi mabambanta daga jini guda, har a zaci ciwo ne ya motsa alhali inji aka sauya. Idan sauyin ya zama dole, ka rubuta shi a jadawali, a ɗauki sakamakon farko na sabon wurin a matsayin sabon mafari. Masu shan bayotin, wanda ake sa wa cikin ƙwayoyin gyaran gashi da farce, su dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jini, domin yana rikita sakamakon TSH da na Tg a injuna da yawa. Ranar gwaji kuma, idan za a auna T4, wato sinadarin tairod da ke cikin jini, a bari sai an ɗebi jini kafin a sha ƙwayar.

Lamba ɗaya ba ta yanke hukunci. Tg na 0.6 da ya tsaya cak shekara uku, ko yake raguwa, bai kai abin damuwa kamar wanda ya tashi daga 0.2 zuwa 0.5 zuwa 1.3 cikin shekara guda ba. Idan sakamako ya zo da mamaki, abin da ake fara yi shi ne maimaitawa.

Wanda aka bar wa ɓari ɗaya na tairod kuwa, Tg ɗinsa ba zai taɓa zama sifiri ba, kuma bai kamata ya zama ba. Gare shi hoton wuya ne ginshiƙi.

Mataki na shida: hoton sikanin na wuya

Tunda papilari a wuya ta fi dawowa, sikanin na wuya shi ne hoton da ya fi kowane amfani, kuma ba shi da tururin da ke cutarwa. Ana yin na farko wata 6 zuwa 12 bayan aiki, na gaba kuma gwargwadon haɗari da abin da Tg ke nunawa. Ingancinsa ya dogara da hannun mai yi, don haka a nemi wanda ya saba da wuyan da aka yi wa aiki, a ba shi hoton baya ya kwatanta, a kuma tabbatar ya duba gurbin tairod da gefen wuya biyu.

Ganin kaluluwa a hoto ba yana nufin kansa ba. Mura ko ciwon haƙori ma suna kumbura ta. Siffarta ake dubawa: ta zama zagayayya, ko da ruwa a ciki, ko da ɗigo-ɗigon kalsiyam. Idan mai shakku ce kuma kaurinta ya kai milimita 8 zuwa 10, akan tsotso samfur da siririyar allura, a kuma auna Tg a ruwan da aka wanke allurar. Wadda ba ta kai haka ba yawanci sa ido ake yi, domin da yawa ba sa girma, kuma sake buɗe wuyan da aka taɓa yankawa yana da haɗari ga murya da kalsiyam.

Mataki na bakwai: a sake auna matsayinka

Rukunin da aka sa ka bayan aiki ba hatimi ba ne. Bayan shekara ɗaya zuwa biyu, likita zai haɗa Tg da hoto ya ga yadda jiki ya karɓi magani. Ga wanda aka cire wa duka aka ba shi aidin, idan hoto bai nuna komai ba kuma Tg yana ƙasa da 0.2 ng/mL, an sami kyakkyawan sakamako, haɗarin dawowa ya sauka zuwa kashi 1 zuwa 4 cikin 100. A nan ake sassautawa: gwajin Tg ya koma kowane wata 12 zuwa 24, a bar TSH ya hau zuwa daidai, a rage hotuna. Ga irin wannan mutum, yawan sikanin ya fi gano abin da ba ciwo ba fiye da ciwo, kuma kowane irin ganin yana jawo allura da makonnin fargaba.

Idan Tg ya kai 1 ko ya wuce amma ba a ga komai a hoto ba, jini ne ke magana ido bai gani ba. Wannan yana tayar da hankali, amma kusan ɗaya cikin biyar ne ake gano musu ciwon a hoto daga baya, kuma aƙalla kashi 30 cikin 100 lambarsu tana sauka da kanta. Akwai kuma masu tsaka-tsaki, Tg tsakanin 0.2 da 1 ko wata inuwa da ba a tantance ba, waɗanda lokaci ne ke raba gardamarsu. Rukuni na ƙarshe su ne waɗanda aka ga ciwon a hoto, su magani ake tsarawa.

Wani lokaci likita zai so ya zaburar da Tg ko ya yi hoton jiki duka da aidin. Ana ɗaga TSH sama da 30, ko dai ta dakatar da magani mako uku zuwa huɗu, ko ta allurar Thyrogen, wato TSH da aka haɗa a matsayin magani, sau biyu a kwana biyu a jere. Dakatar da magani yana kawo kasala, jin sanyi, taurin bayan gida da nauyin tunani, har tuƙi ba shi da aminci a kwanakin ƙarshe. Kafin hoton aidin akan rage aidin a abinci na mako ɗaya zuwa biyu: gishiri mai aidin, kayan teku, madara, gwaiduwar ƙwai. Ruwan da ake yi wa mutum allurarsa kafin hoton CT cike yake da aidin, don haka idan an yi maka shi kwanan nan ka faɗa, sai an jira makonni kafin aidin na nukiliya ya yi aiki. Hoton PET kuwa, wani hoton jiki duka da ke nuna inda ƙwayoyin kansa ke aiki, akan tanade shi ne ga wanda Tg ɗinsa ya haura 10 amma hoton aidin bai nuna komai ba.

Idan medulari ce

Ita daga wasu ƙwayoyi daban take fitowa. Ba ta shan aidin, danne TSH ba ya amfana mata komai, Tg kuma ba ya cewa komai a kanta. Abin da ake aunawa kalsitonin ne da CEA, sinadarai biyu da ƙwayoyinta ke zubawa a jini, kusan wata uku bayan aiki. Idan sun fita tas, kowane wata shida a shekarar farko, sannan sau ɗaya a shekara. Idan kalsitonin ya haura 150 pg/mL sai a yi hoton wuya, ƙirji, hanta da ƙashi. Abin da likita ya fi kallo shi ne tsawon lokacin da lambar ke ɗauka kafin ta ninka.

Kusan ɗaya cikin huɗu na medulari gado ne, don haka duk mai ita a yi masa gwajin ƙwayar halittar gado mai suna RET, a ga ko tana da sauyin da ke kawo ciwon. Idan an samu, iyaye, 'yan'uwa da 'ya'ya su ma a gwada su, shi kuma a riƙa duba masa ƙari a halittar da ke saman ƙoda, wanda ke haddasa hawan jini mai tsanani, da kalsiyam ɗinsa. Magungunan ciwon suga da rage ƙiba irin su semagulutayid da liragulutayid ba a ba mai tarihin medulari, nasa ko na danginsa na jini.

Dangin mai papilari kuwa ba a cewa kowa ya je sikanin. Koriya ta Kudu ta ga abin da hakan ke haifarwa: zuwa 2011 adadin da ake ganowa ya ninka na 1993 sau 15 saboda yawan duba masu lafiya, amma adadin masu mutuwa bai sauya ba. Sai idan mutum biyu ko fiye a gida ɗaya sun yi ta ne ake zama da likita a kan batun.

Mataki na takwas: abin da maganin ya bari a jiki

Bayan tairod akwai 'yan halittu huɗu ƙanana masu daidaita kalsiyam, kuma aiki na iya raunana su. Alamar ita ce jin tsira-tsira ko mutuwar fata a leɓe da yatsu, da ɗaurewar jijiya. Yawanci suna farfaɗowa cikin makonni ko watanni. Idan abin ya zarce wata shida zuwa shekara, mutum zai ci gaba da kalsiyam da kalsitirayol, wani nau'in bitamin D, a riƙa auna kalsiyam na jini da na fitsari da lafiyar ƙoda, domin yawansa ma yana kawo tsakuwa. Dashewar murya da ta wuce watanni tana buƙatar likitan maƙogwaro ya leƙa. Aidin na nukiliya kuma yana iya busar da baki, ya kumbura gefen muƙamuƙi, ko ya toshe hanyar hawaye ido ya riƙa zuba. Bushewar baki tana ruɓar da haƙora da sauri, saboda haka likitan haƙori ya san tarihinka.

Gajiyar da ba ta tafiya ita ce ƙorafin da aka fi yi kuma aka fi watsarwa. Idan TSH yana daidai amma jiki ba ƙarfi, a duba ƙarancin jini, bitamin D, barci da damuwa. Fargabar da ke zuwa kafin ranar gwaji ma abin faɗa wa likita ce. Mutane suna son cewa wannan ai kansa ce mai sauƙi, maganar da ke sa masu ita su haɗiye abin da ke damunsu.

Ga mai son haihuwa

Idan an ba ki aidin na nukiliya, ki jinkirta ɗaukar ciki wata 6 zuwa 12. Namiji ya jira wata uku zuwa huɗu. Ba a ba mai ciki aidin ɗin, mai shayarwa kuma sai ta yaye aƙalla mako shida kafin a ba ta, kuma ba za ta koma shayar da wannan jaririn ba. Ranar da kika tabbatar kina da ciki ki sanar da likita, kada ki jira awon farko, kada kuma ki daina libotairoksin. Buƙatarsa tana ƙaruwa da kusan kashi 30 cikin 100 tun farkon ciki, kuma ƙwaƙwalwar ɗan tayi ta dogara da shi. Ana auna TSH kowane mako huɗu har tsakiyar ciki. Macen da sakamakonta ya yi kyau kafin ta ɗauki ciki, ba a ga cikin yana dawo mata da ciwon ba.

Mataki na tara: kada wuya ya sa a manta da sauran jiki

Mutum na iya shekara goma bai taɓa fashin gwajin Tg ba, amma ko sau ɗaya ba a duba masa babban hanji ba. Aidin na nukiliya yana ɗan ƙara haɗarin kansar jini da ta halittun yawu, ƙari kaɗan, wanda ya fi fitowa ga wanda aka maimaita masa har jimlar ta haura milikuri 500 zuwa 600. Wannan bai kai a ƙirƙiro masa gwaji na musamman ba. Abin da ake so shi ne ya yi gwaje-gwajen da sa'o'insa ke yi, a kan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta fara gwajin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa, daga shekara 30, a maimaita kowace shekara 5 zuwa 10, mai ɗauke da ƙwayar HIV kuwa daga 25. A Amurka ana ba da shawarar hoton nono duk shekara biyu daga 40 zuwa 74, gwajin babban hanji daga 45, da hoton huhu ga waɗanda suka daɗe suna shan taba daga 50. Shekarun farawa suna bambanta tsakanin ƙasashe, ka bi na inda kake, ka ƙara musu layi a jadawalinka.

Abin da ba ya jiran ranar asibiti

Sabon ƙullutu a wuya da ya wuce mako biyu zuwa uku, murya da ta dashe haka kawai, wahalar haɗiya ko numfashi, tarin da ya ƙi tafiya ko mai jini, ciwon ƙashi a wuri ɗaya da ba ya lafawa: waɗannan a kai su gaban likita cikin kwanaki. Ɗaurewar hannu da ƙafa ga mai matsalar kalsiyam, ko bugun zuciya mai sauri tare da jiri ko ciwon ƙirji, na gaggawa ne a ranar.

Idan an tabbatar ta dawo, yawanci a kaluluwar wuya ce. Akan sake aiki, ko a ƙara aidin, ko a sa ido kawai idan ƙarama ce ba ta motsi. Wadda ta bazu ta daina shan aidin tana da magungunan sha irin su lembatinib da sorafenib, da selfakatinib ga masu sauyin RET, kuma ba a fara su sai ciwon yana ci gaba, saboda suna da nasu wahalhalun, hawan jini na cikinsu. Kafin ka amince da aiki na biyu, ka nemi likitan fiɗa wanda aikin tairod ne sana'arsa ta yau da kullum, ka tambaye shi yadda zai kare jijiyar murya da halittun kalsiyam, ka kuma tafi masa da rahoton aikin farko.